Malam Abdullahi Mai Gwandu

Ƴan'uwa masu karatu, ku bari in fara da tambaya. A ce wanka ya rasu, ya bar sarauta ko limanci. Kai ne ƙanensa. Tun kuna yara kake biye da shi, kun sha rana tare, kun sha yunwa tare. Kowa ya san ka fi sauran ilimi. Sai ka iso gari ka tarar an riga an naɗa ɗansa, yaron da aka haifa a kan idonka, wanda kai ka koya ma karatu. To, mi za ka yi?

Kada ku yi saurin amsawa. A nan Gidan Amumune, ko Mayahi, ko Tasawa, kowa ya san yadda irin wanga abu ke raba zumunta. Gona guda ma tana raba wa da ƙane, balle gari, balle ƙasa. Mutumin da za ku karanta labarinsa yau, haka ta faru gare shi. Sunansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. Ana ce masa Abdullahin Gwandu.

Na san wani cikinku zai ɗaga kai ya ce, ai waɗannan ne suka kori kakanninmu. Gaskiya ne. Sarakunan Katsina da aka fitar daga birninsu wajen 1807, zuriyarsu ce ta zo ta zauna Maraɗi. Gobirawa kuma daga baya suka kafa Tsibiri. An daɗe ana yaƙi tsakaninsu da Sakkwato, kuma kowane ɓangare yana da nasa labari. Ba shari'ar wancan yaƙi za mu yi ba a nan. Wani yaƙi ne daban za mu duba, wanda Malam Abdullahi ya yi da ransa.

An haife shi wajen shekarar 1766, a ƙasar Gobir. Wansa Usmanu ya girme shi da kamar shekara 12. Shi Usmanu an haife shi a Maratta a 1754. Maratta tana nan cikin Nijar, kusa da Galmi, garin albasa. Daga baya gidansu ya koma Degel, wadda yau take cikin jihar Sakkwato ta Najeriya. Fulani ne, gidan malamai.

Abdullahi ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo. Da ya kai shekara 13, sai uban ya damƙa shi hannun wansa. Daga ran nan Usmanu ya zama masa wa, ya zama masa malami. Inda Shehu ya sa ƙafa, nan Abdullahi ke sa tasa. Sun je Kabi wa'azi tare. Sun yi kamar shekara 5 a ƙasar Zamfara tare.

Bai tsaya ga malami guda ba. Ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, babban malamin da ya zauna Agadas, wanda shi ma Shehu ya yi karatu wurinsa. Ya saurari littafin hadisi na Buhari wurin Malam Muhammadu ɗan Raji. Ya bi wasu da yawa, wannan don nahawu, wancan don fiƙihu. Da ya girma ya yi suna, sai ya zauna ya rubuta ɗan littafi, ya jera sunayen malamansa da abin da ya karɓa wurin kowane. Sunan littafin Ida'un Nusuki. Ku lura da wannan. Mutane nawa ne cikinmu, in sun ɗan samu sani, suke tuna wanda ya fara kama masu hannu?

Malaman nan ba karatun takarda kaɗai suke koyarwa ba. Mutanen ɗariƙar Ƙadiriyya ne. Suna cewa zuciya ma tana da cututtukanta, kamar yadda jiki yake da nasa. Akwai girman kai. Akwai hassada. Akwai riya, wato ka yi aikin kirki don a gan ka. Akwai ujubu, wato mutum ya riƙa jin daɗin kansa, yana ganin babu kamarsa. Wahalar waɗannan cututtuka ita ce mai su ba ya jin ciwo. In ƙaya ta soke ka, ka sani nan take. Amma mai girman kai, shi a ganinsa mutunci yake karewa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi ya sa suka ce dole mutum ya nemi malamin da zai nuna masa abin da ba ya gani a jikinsa, ya kuma daure ya ji.

Wata rana Abdullahi ya ga darasin da idonsa. Wajen 1788 ne, ranar babbar salla, a wani wuri da ake kira Magami. Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa yana raba masu kyauta. Ya ba Shehu miskali 500 na zinariya. Nauyinsu ya haura kilo 2. Shehu bai karɓa ba. Sai ya roƙi abu biyar a madadin dukiyar. A bar shi ya yi wa'azi. Kada a hana kowa amsa kiransa. A girmama mai rawani. A saki waɗanda ke kurkuku. A sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya yarda. Abdullahi yana wurin, saurayi ɗan shekara ashirin da ƴan kai.

Daga baya zama ya ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da sarakunan Gobir. A farkon 1804 suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A can jama'a suka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Bayansa sai Muhammadu Bello, ɗan Shehu. A watan Yuni na shekarar aka gwabza da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto. Abdullahi ne ya ja rundunar Shehu, suka yi nasara. A 1805 kuma shi ya ja mayaƙan da suka ci Birnin Kabi. Shi ne wazirin Shehu. Yana da kamar shekara 40, sunansa ya kai ko'ina.

To, a nan ne abin ya fara damunsa.

Abokansa na farko, waɗanda suka yi karatu tare a Degel, da yawa sun mutu a yaƙin Tsuntsuwa da na Alwasa. Waɗanda suka cike gurbinsu ba duka ne suka zo don Allah ba. Kafin yaƙin Alwasa ma, rundunar ta faɗa wa wani gari da ba a gaba da shi, ta wawashe shi, shugabanni na hanawa ba a ji ba. Abdullahi ya duba, sai ya ga mutane sun koma neman dawaki na ƙwarai, da manyan riguna, da ƙwaraƙwarai, da sarautar garuruwa. Abin da aka ce an fito a gyara, ga shi ya tsiro a cikin gida. Kuma bai cire kansa daga zargi ba. Ya ji tsoron kada shi ma ya zama ɗaya daga cikinsu.

Wajen 1807 an fita yaƙi za a tafi Alƙalawa, babban birnin Gobir. A kan hanya sai Abdullahi ya bar runduna. Shi da mutum 5 suka juya suka fuskanci gabas. Niyyarsa ya tafi Makka da Madina, ya bar ƙasar da abin da ke cikinta. Suka shiga dokar daji. Kwana 3 ba su ga ɗan Adam ba, ba su ga ko sawun mutum ba, sai sawun giwaye. Shi da kansa ya rubuta wannan labari a littafinsa Tazyinul Waraƙati, a 1813.

Ku tsaya ku auna abin da ya bari. Waziri ne. Ƙanen shugaba ne. In an raba ganima, ba a mantawa da shi. Duk ya juya wa wannan baya, ya bi sawun giwa.

Irin wannan tafiya ba a ƙasar Hausa aka fara ta ba. Can gabas mai nisa, wajen iyakar Indiya da Nepal ta yau, an yi wani ɗan sarauta mai suna Siddata Gotama, kamar shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ne ake kira Buda. Mabiyansa suna da yawa har yau a ƙasashe kamar Tailan da Siri Lanka da Japan. A labarin da suke bayarwa, yana da shekara 29 ya bar gidan ubansa da daɗin da ke ciki. Ya je wurin malami, ya koyi abin da ke gare shi, bai gamsu ba. Ya je wurin wani, haka nan. Ya shekara 6 yana neman hanya, yana horon jikinsa da yunwa har ya kusa mutuwa. Daga baya ya gane azabtar da jiki ba ya kashe son kai. Sai ya ci abinci, ya natsu, kuma ya koma cikin mutane yana koyarwa har ya kai shekara 80. Abin da ya fi nanatawa shi ne, yawan riƙe "ni" da "nawa" shi ke jawo wa mutum wahala. Addininsa daban, na Malam Abdullahi daban, kada ku haɗa su. Na kawo shi ne don ku ga abu guda. Dukansu biyu sun gudu daji, kuma dukansu biyu daji bai riƙe su ba.

Shi Abdullahi, hanyarsa ta biyo da shi Kano. Jama'ar Shehu ba su daɗe da karɓar birnin ba. Da suka gan shi sai suka tare shi, suka hana shi wucewa. Suka roƙe shi ya zauna ya koya masu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya duba su, sai ya ga abin da ya guda shi ne ya tarar. An gudu ba a tsira ba. Ya faɗa masu haka, bai ɓoye ba. Amma ya zauna. Ya rubuta masu littafi mai suna Liya'ul Hukkami, wato hasken masu hukunci. Ya karanta masu tafsirin Alƙur'ani. Ya ba da labari cewa sun tuba, har sun farfasa kayan kiɗansu, suka mai da kwabrin ganguna abin zuba wa dawaki abinci.

Daga Kano bai ci gaba ba. Ya juyo gida. Bai taɓa zuwa Makka ba har ya bar duniya.

Ni a ganina dawowar nan ta fi tafiyar wuya. Wanda ya yi fushi ya bar gari, akwai wani daɗi da yake ji a ransa. Yana ganin shi ne mai tsabta, sauran duk sun lalace. Wannan ma wata ƙofa ce ta ujubu. Amma ka dawo cikin mutanen da ka zarga, ka zauna da su, ka ci gaba da aiki, wasu na yi maka kallon wanda ya gudu, wannan sai an haɗiye wani abu.

Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. Shehu ya koma Sifawa ya zauna yana karantarwa, Abdullahi kuma ya zauna kusa da shi a Boɗinga. A 1812 Shehu ya raba aikin ƙasa biyu. Yamma ya ba Abdullahi, gabas ya ba Bello.

Kada ku ɗauka Malam Abdullahi mutum ne mai sanyi. A'a. Mai tsanani ne, kuma harshensa da kaifi. In ya ga abu bai yi daidai ba, zai faɗa, ko wa ya yi shi. Har da wansa sun saɓa a kan wasu mas'aloli, kamar kiɗa, da sa tufafi masu tsada, da sunayen sarauta. Shehu yana sassautawa, shi yana tsanantawa. Kowane ya rubuta hujjarsa, kuma ba su rabu ba. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da jarrabawa ta gaba ta samu. Mai sanyin hali, in an ture shi, ba a ganin ƙoƙarinsa. Amma mai zafi, wanda ya san ya sani, in ya sunkuya, to ya yi aiki.

A 1815 Shehu ya koma Sakkwato, garin da Bello ya gina. A watan Afrilu na 1817 Allah ya yi masa rasuwa. Abdullahi ba ya cikin gari. Da labari ya kai masa, sai ya hau doki ya nufo Sakkwato. Kafin ya iso an riga an yi wa Bello mubaya'a, ya zama Sarkin Musulmi. Masu tarihi sun ce har ƙofar gari ya tarar an rufe. Bello yana da kamar shekara 36, Abdullahi ya haura 50.

Ga tambayarmu ta farko ta dawo. Mi ya yi?

Bai tara runduna ba, ko da yake yana da mutane, kuma rabin ƙasa na hannunsa. Ya juya kan dokinsa. Ya koma Gwandu ya zauna. Amma kada in yi maku ƙarya, abin ya yi masa zafi. Bai je ya yi mubaya'a ba. Ya rubuta littafi a kan yadda ya kamata a zaɓi shugaba. Shekara ta wuce, wata ta wuce, tsakanin baffa da ɗan wansa babu yaƙi, babu kuma shiri. Mutumin da ya daɗe yana koya wa almajirai maganin cututtukan zuciya, ga shi yau maganin ya zo kansa. Kuma wan da zai nuna masa hanya yana cikin kabari.

Ku da kuka taɓa yin gaba da ɗan'uwa, kun san yadda take. Ranar farko kana jiran ya zo ya ba ka haƙuri. Bayan shekara guda, ko kana son shiri, kunya ta hana ka. Ga kuma masu kai gulma, wannan ya zo ya ce an ce, wancan ya zo ya ƙara gishiri.

Ana cikin haka sai tawaye ya tashi a ƙasar Abdullahi. Masu tawayen suka taru a wani gari mai suna Kalambaina, kusa da Gwandu. Abdullahi ya yi ta fama da su, abin ya gagara. Wajen 1821 sai Bello ya taso da rundunarsa daga Sakkwato ya zo taimakon baffansa. Suka haɗa ƙarfi, garin ya faɗi. An yi asarar rayuka a wurin, kamar kowane yaƙi, kuma waɗanda aka ci suna da nasu kuka.

Bayan ƙura ta lafa, sai mutanen biyu suka haɗu, kowa a kan dokinsa, jama'a na kallo. Kun san al'ada. Yaro ba ya gaida babba daga bisa doki. Sai Bello ya yunƙura zai sauka, don ya gaida ƙanen ubansa kuma malaminsa. Abdullahi ya ɗaga masa hannu, ya hana shi sauka. Shi ne ya sunkuya daga kan sirdi, ya gaida Bello da gaisuwar Sarkin Musulmi. Ya kuma yarda da Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, a matsayin waziri, muƙamin da shi ya riƙe tun zamanin Shehu.

Abin bai ɗauki lokacin shan fura ba. Amma shekara 4 aka yi kafin a kai gare shi. Ku kuma lura, ba mutum guda ya yi shi ba. Bello ya zo da ƙafarsa, kuma yana sarki ya yi niyyar sauka. Da ya tsaya a kan sarautarsa, wa ya san abin da zai faru? Kowannensu ya ajiye wani abu, sai dai na Abdullahi ya fi nauyi. Bello ladabi ya yi, wanda dama ana sa ran yaro ya yi. Shi kuwa dattijo, abin da yake ganin haƙƙinsa ne ya saki, a gaban mutanen da suka san yana ganin haka.

Wani zai ce ai dole ce ta sa shi, tun da an zo an cece shi. Mai yiwuwa da wannan a ciki. Amma mun sha ganin wanda aka taimaka, taimakon ya ƙara masa haushi, don ba ya son a ce wane ya fi shi. Kuma a dubi abin da ya yi bayan nan. Bai sake tada maganar ba. Har ma mulkin yammar da ke hannunsa, ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari yawancin aikin. Shi ya koma kan buzunsa, da alƙalami da tawada da almajirai.

Tun kafin rasuwar Shehu ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili. Littafi ne na manyan malamai. An buga shi a Alƙahira a 1961, juzu'i 4, kuma har yau ana karanta shi a zaurukan malamai. Amma bayan Kalambaina sai ya sake zama ya rubuta wani tafsirin, gajere, mai sauƙi. Ya sa masa suna Kifayatu Lu'afa'is Sudan, wato abin da zai wadatar da masu ƙaramin ƙarfi na ƙasar baƙaƙe. Ya yi shi ne don waɗanda babban ya fi ƙarfinsu, masu bin kalma ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kamar yadda kuke bin wannan shafi yanzu. Ya rubuta wasu littattafai gommai, a kan nahawu, da shari'a, da gyaran zuciya. Yawancinsu da Larabci ne.

Ya rasu a 1829, yana da shekara sittin da ƴan kai. Bello ya rayu bayansa har 1837. Zuriyar Abdullahi ce ke riƙe da sarautar Gwandu, kuma fadarsu yanzu tana Birnin Kabi. Shi kuwa kabarinsa yana can garin Gwandu, cikin jihar Kabi ta Najeriya, mutane na zuwa ziyara daga nesa.